Ranar da Na Ɗaure Notocin Kawu Ummaru

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da karambanina ya kusa rufe sashe guda a wata kwaleji a Gusau. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, watana biyu da samun aikin shara da goge-goge a ɗakin gwaje-gwajensu. Kafin nan shekara shida na yi ina gyaran babur a bakin titin Tsafe, inda maigidana ya koya mini abu ɗaya da duka: duk notin da ka tarar sako-sako, ɗaure shi kafin ya kashe wani.

Kawu Ummaru, ƙanin mahaifiyata, shi ke kula da na'urorin ɗakin, shi kuma ya tsaya mini aka ɗauke ni. Akwai wata na'ura da yake ji da ita kamar 'yar fari. Aikinta ta harba wani haske da ido ba ya gani ta cikin mai ko magani, sai alƙalaminta ya zana tudu da kwari a takarda, masana su karanta abin da ke ciki. A cikinta akwai ƙananan madubai shida masu ruwan gwal, wannan ya miƙa wa wancan hasken har ya isa inda ake so. Bayan kowane madubi akwai 'yan notoci uku.

To, ana gobe masu duba makarantu za su zo daga Kaduna, waɗanda in ba su gamsu da kayan aiki ba sai su hana sashen ɗaukar ɗalibai. Kawu ya tafi taro, ya ce in share ko'ina. Ina goge ƙura sai na ga murfin na'urar a ɗage. Na leƙa, na taɓa noti ɗaya, ya juya da yatsa kawai. Na taɓa na biyu, haka. Kai! Na ce a raina, ashe masu ilimin nan ba su iya aiki ba. Na zaro sukudireba daga aljihu (ba na rabuwa da ita, ko biki za ni), na bi notoci goma sha takwas ɗin nan na ɗaure su tamau. Har wani murmushi nake yi, wai gobe in an yaba sai in faɗa wa Kawu.

Da safe muna cikin bas daga Bunguɗu, Kawu ya yi hamma ya ce, "Alhamdu lillahi, jiya na gama saitin madubban nan. Kwana tara ina murɗa notocinsu kaɗan-kaɗan. In madubi guda ya goce ko da kaurin gashi, hasken ya ɓace ke nan."

Nan take na kau da kai, na dubi taga. Kawu ya leƙo fuskata.

"Mi ya same ka? Ka yi tsuru-tsuru."

"Kokon da na sha ne, Kawu."

Sau uku ina buɗe baki in faɗa, sau uku ina haɗiyewa. Na yi ta addu'a a tarar da wuta ya gwada na'urar kafin baƙi su iso, ko ya gyara. Muka tarar an ɗauke, kuma an ce ba za a tada janareta ba sai sun shigo. Sai na koma addu'ar janaretan ya ƙi tashi (Allah Ya yafe mini). Bugu ɗaya ya tashi, abin da bai taɓa yi ba.

Baƙi uku ne, shugabarsu wata Hajiya mai farin tabarau. Shugaban kwaleji na biye da su yana washe baki. Kawu ya kunna na'ura, ya ɗiga man gyaɗa, ya ja baya da fara'arsa. Alƙalami ya kama tafiya. Layi ɗaya miƙaƙƙe ya ja, daga farkon takarda har ƙarshe, babu tudu babu kwari. Ya sake, haka.

Hajiya ta ce a buɗe murfin. Ta sa yatsa biyu za ta juya noti, ya ƙi. Ta ciji leɓe ta ƙara ƙarfi, ko gezau.

"Malam Ummaru, wa ya yi wannan aika-aika? Kai ne mai kula da ita, ba ka san ba a ɗaure waɗannan ba?"

Kawu ya dubi notocin, ya dube ni sau ɗaya. Ya gane. Amma sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, Hajiya."

Wannan ta fi mini mari zafi. Dattijo mai furfura zai ɗauki kunyata a gaban shugabansa. Ban san lokacin da na fito daga bayan ƙofa da tsintsiya a hannu ba.

"Ni ne, Hajiya. Na ga sun yi sako-sako ne."

"Da me ka ɗaure su haka?"

Ni kuma da wauta, maimakon in faɗa da baki, sai na zaro sukudireba na ɗaga sama kowa ya gani.

"A ina ka koyi aiki?"

"Garejin babur, a Tsafe."

Ɗaya daga cikin baƙin ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Hajiya ta cire tabarau tana share hawayen dariya. Shugaban kwaleji kaɗai bai yi dariya ba, kallon da ya yi mini har yau ina jinsa a ƙeyata.

Allah Ya sa tana da tausayi. Ta ce za su wuce Sakkwato, su biyo ran Asabar, in layi bai tashi ba a lokacin to ba ruwanta. Aikin kwana tara Kawu ya yi a huɗu, ni ina tsaye ina duba masa allurar da ke nuna ƙarfin haske. Ran Juma'a da la'asar allura ta fara ɗagawa, saura madubi guda. Sai ya matsa gefe.

"Taho ka murɗa wanga. Da yatsa, ba da ƙarfin Tsafe ba."

Na juya notin kaɗan, allura ta haye sama. Sashe ya tsira, aikina ma haka, kuma Kawu bai taɓa faɗa wa Inna ba har ya koma ga Allah.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ka tarar sako-sako ne ya lalace ba, wani sai da aka sha wahala kafin a bar shi haka. Yanzu ko ƙofa na gani a buɗe, sai na tambayi mai gida kafin in rufe.