Ranar da Na Haifi Lulu a Mansur

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a unguwar Mansur ta Makka ba, ko da kuwa matan unguwar sun yi mini alheri sun manta (ba su manta ba, na bincika).

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni, mace mai shekara ashirin da tara, da aurena da hankalina, 'yan tsana nake tarawa. Ba na roba irin na yara ba, na tangaran, masu jajayen kumatu da idanun gilashi. Abin ya kama ni ne a Tabuk, inda aiki ya kai maigidana Auwalu muka yi wata goma sha ɗaya ban san kowa ba. Na ga ta farko a kasuwar tsofaffin kaya, na ce guda ɗaya ai ba laifi ba ne. Kafin mu dawo Makka sun zama goma sha ɗaya. Ina share musu ƙura da burushin kwalliya, ba na barin rana ta taɓa su don kada fentin fuskarsu ya koɗe, har turaren wuta na hana a ɗakin saboda hayaƙi yana sa rigunansu su yi ruwan ɗorawa. Auwalu ya ce ko shi bai taɓa samun irin wannan kulawa ba, na ce shi ai ba ya fashewa.

Mutum ɗaya ce ban so ta sani ba, surukata Hajiya, da ke zaune a unguwar Tandabawi. Shekara huɗu da aurenmu Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma matar nan ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai in an kawo mata jaririn wani ta karɓa, takan daɗe ba ta mayar ba, ni kuma in kama kallon silin. Ina tsoron ranar da za ta ji cewa matar ɗanta wasan 'yar tsana take yi, ta raina ni, ko ta ji tausayina, wanda shi ya fi muni.

Mun sauka a gidanmu na unguwar Shisha ranar Litinin, muka shirya zuwa gaishe ta Talata bayan la'asar. Da safe ina kwance kaya sai na tarar rigar Lulu ta yage. Lulu ita ce babbarsu, tsawonta daidai da na jariri sabon haihuwa, kuma ita ce 'yar gatan. Mai hankali zai jira mako guda. Ni kuwa na tuna da wani tela a Mansur mai hannu a ɗinkin leshi, na naɗe Lulu cikin farin shawul mai laushi saboda kada ta bugu, na rufe mata fuska saboda rana, na rungume ta a ƙirji na tari tasi. Har direban ya rage sanyin mota yana tafiya a hankali, ni kuma na ce a raina kai, mutanen Makka akwai kirki.

Ina sauka, taku biyar ban yi ba, na ji an ce, “Wa nike gani kamar matar Auwalu?”

Goggo Hansai ce, aminiyar Hajiya tun suna 'yan mata, tana zaune a ƙofar gidanta da kaskon waina. Ta dube ni, ta dubi shawul, ta ajiye cokali. Sai ta rangaɗa guɗa.

A nan ne ya kamata in ce, “Goggo, 'yar tsana ce.” Kalma huɗu kacal. Amma na hango maganar tana isa Tandabawi kafin azahar, sai bakina ya mutu, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

“Mashallah, mabruk,” in ji Goggo. “Yaushe kika sauka? Mi aka samu?”

Na ƙara sunkuyawa.

“Ku gane mini ɗiyar mutunci,” ta ce wa matan da suka fara leƙowa. “Kunyar ɗan fari ta kai. Yaran yanzu tun a asibiti suke ɗaukar hoto suna turawa, amma wagga ko bakinta ba ta buɗe ba. Haihuwar Makka ce, amma tarbiyyar gida gare ta.”

(Ga wanda bai sani ba: a wurin iyayenmu, mace ba ta nuna ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, in an tambaye ta shiru take yi. Ni da ban taɓa iya wannan al'ada ba, ranar na ci jarrabawarta da maki ɗari.)

Kafin in ankara an shigar da ni falo, an zaunar da ni a kan katifa, an jera mini matasai a baya. Mata bakwai na ƙirga, kuma su da kansu suka yanke cewa mace na haifa. Wata ta yi mini faɗan fitowa ban yi arba'in ba. Wata ta miƙo hannu za ta karɓa, na ƙanƙame Lulu, Goggo ta buge hannun ta ce a bar yarinya ta yi barcinta. Wata kuma ta ce ita ba ta taɓa ganin jaririya mai haƙuri haka ba, duk hayaniyar nan ko motsi. Aka dama kunun kanwa da zafinsa aka kawo wa mai jego. Kuma, Allah ya yafe mini, na sha. Kofi biyu na sha, don kunun ya yi daɗi, kuma muddin kofi yana bakina ba mai tsammanin in yi magana.

Ina cikin tsara yadda zan ce zan shiga bayi in sulale ta ƙofar baya, sai na ji muryar Goggo a tsakar gida tana waya. “Ke dai taho, na ce miki. Ba a faɗi a waya. Taho ki ga abin da yaranki suka ɓoye miki.”

Na ajiye kofin kunun.

Minti ashirin ba a yi ba Hajiya ta shigo. Matar da ciwon gwiwa ya sa take salla a kan kujera, ita ce ta hau matakalar gidan Goggo ba ta dafa bango ba. Abayarta a bai-bai take. Ba ta amsa gaisuwar kowa ba, ta zo ta durƙusa a gabana, hawaye yana bin fuskarta, ta miƙo hannu biyu ta ce, “Bismillah. Kawo ta, 'yar nan.”

Ba a hana Hajiya. Na miƙa.

To Lulu tana da irin idon nan da ke rufewa in an kwantar da ita, ya buɗe in an ɗaga. Hajiya ta ɗago ta, ta yaye shawul tana addu'a, sai ji muka yi ƙyas, shuɗɗan idanu guda biyu sun buɗe suna kallonta, ga gashi ruwan zinariya har kafaɗa.

Wata daga baya ta ce a'uzu billahi a hankali. Goggo Hansai ta matso, ta sa farce ta ƙwanƙwasa goshin Lulu sau biyu, ya yi ƙara irin ta kofin shayi. Ta juyo ta kalle ni, ta kalli kofunan kunu biyu da ke gefena.

“'Yar tsana ce, Goggo,” na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. “Tela na kawo ta.”

Ban san wadda ta fara ba, amma dariyar da ta ɓarke sai da wata ta kwanta a ƙasa tana dukan kafet. Goggo tana share ido tana cewa a biya ta guɗarta. Ni dai ina zaune cikin matasai, ina roƙon ƙasa ta tsage. Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta mayar da shawul ta rufe Lulu tsaf, ta miƙe, ta ce in taso mu tafi.

A cikin tasi ita ta riƙe ta a cinya. Ni kuma ina jiran hukuncina, ko faɗa ko tausayi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Tun daga gida har na iso, abu ɗaya nake tambayar kaina. Me na yi wa yarinyar nan da za ta yi wata tara ta haihu ba ta gaya mini ba? Wallahi da na ga ta tangaran ce, sai na ji sanyi a raina.”

Na fashe da kuka, irin mai majina. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, “Ita kaɗai ce?”

“Su goma sha ɗaya ne, Hajiya.”

“Goma sha ɗaya.” Sai a lokacin kafaɗunta suka fara rawa don dariya. “Khalas, shi ke nan, gobe ki kwaso mini su duka in gani. Ke da yaron nan kun iya ɓoye abu. Na gasken kuma, in Allah ya kawo, ni za ki fara gaya wa, ba Hansai ba.”

Yau duk Mansur Maman Lulu suke kirana, har mai sayar da kilishi. Abin da na koya kuwa shi ne, in ka yi shiru a gaban tsofaffinmu, su za su zaɓa maka abin da kake nufi, kuma ba sa zaɓar ƙarami. Yanzu in zan kai ɗaya wurin tela a kwali nake sa ta, in riƙe shi da hannu ɗaya ina lilo da shi, yadda ko makaho ba zai yi mini barka ba.