Wuyan da Na Kai Neman Aure

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na je nema wa ɗan yayana aure a Birmingham ba, ko ni na so in manta, dangi ba za su bari ba.

Bari in fara da abin da mutanen masallacinmu na unguwar Rusholme a Manchester ba su sani ba a lokacin. Ni ɗin nan, akanta mai furfura a gemu, ɗan sahun gaba ranar Juma'a, masoyin kiɗan nan ne da Turawa ke kira thrash metal. Faifai ɗaya tak ya kama ni, na wasu samari masu dogon gashi, kuma tun ina ɗan sakandare a Zariya ya kama ni. Wani ɗalibin jami'a da ke haya a gidanmu ne ya tashi ya bar kaset ɗin a ɗaki. Da na saka, sai da na zare batir na mayar, a zatona rediyon ce ta lalace. Innarmu ta leƙo ta ce wa ya kawo mata injin markaɗe cikin gida. Amma kafin gefen farko ya ƙare na riga na tafi. Ganga na gudu kamar an biyo mai ita, jita biyu na sara tare ba mai wuce ɗan'uwansa, can tsakiya kuma sai komai ya lafa, wata jita ta riƙa kuka a hankali har tsikar jikina ta tashi. Ban ji rabin Turancin da mawaƙin yake ihu da shi ba. Na dai gane fushi yake da wani, ni ma a shekarun nan fushi nake da kowa.

Kaset ɗin ya sha juyi da biro don kada batir ya ƙare. Rediyo ta taɓa cinye zaren a waƙa ta biyu ta gefen baya, na liƙe shi da man farcen ƙanwata. Har yau idan ina jin faifan a waya cikin bas a Wilmslow Road, kunnena na jiran wurin da sautin zai shaƙe, in ya wuce sumul sai in ji kamar an rage mini wani abu. Ina son faifan nan, ba na jin kunyar faɗa yanzu.

Kwatsam sai na ga sanarwa cewa mutanen nan, waɗanda su ma yanzu sun ajiye jikoki, za su zo wani taron kiɗa na fili a Birmingham ranar wata Asabar, su buga faifan daga farko har ƙarshe. Ban gama karantawa ba na sayi tikiti.

Bayan nan ne maganar Sadik ta taso. Sadik ɗan marigayi yayana ne, haifaffen Gorton a nan Manchester, yaro mai natsuwa, ya ga wata yarinya Amira a unguwar Sparkbrook ta Birmingham ya ce shi sai ita. Ni kaɗai ne baffan da ya rage masa a ƙasar nan, don haka bakina ne zai nema masa. Mai bayarwa kuma baffanta ne, Dakta Inuwa, tsohon likita da ya daɗe yana aiki a asibitocin Arewa kafin ya zo nan. An riga an ɗaga ranar sau ɗaya daga ɓangarenmu, abin bai yi masa daɗi ba. Ya aiko cewa shi Litinin zai tashi Kano kuma ba da wuri zai dawo ba, in muna so mu zo Lahadi, in ba ma so yarinya ba ta rasa masu nema ba. Lahadin kuwa ita ce washegarin Asabar ɗina.

"Alhaji, ka sayar da ticket ɗin nan," in ji matata Binta. "Kai ne mai magana fa ranar. Ka tafi ka yi ta ihu, da wace muryar za ka nemi 'yar mutane?"

"Wa ya ce miki ihu zan yi? Can baya zan tsaya, in harɗe hannu, in saurara kamar dattijo."

"Kai da ko a kitchen in ka sa shi sai ka buge cupboard da ka?"

Ban kula ta ba. Shekara talatin da wani abu ina jiran in ji faifan nan daga hannun masu shi, gari ɗaya ne, kwana biyu ne a jere, ni a ganina ma Allah ne ya tsara mini. Na goge babbar rigata, na shirya jawabina tsaf, na kama ɗaki a otal, na hau jirgin ƙasa da safiyar Asabar.

Na cika alkawari na tsawon waƙa ɗaya. Da yamma suka fito, rana ba ta ko faɗi ba, tsofaffi da su, gashin ya yi fari, na wani ma ya tafi gaba ɗaya. Na tsaya baya na harɗe hannu. Da aka shiga waƙa ta biyu ban san lokacin da ƙafata ta kai ni tsakiya ba, inda jama'a ke zagaye suna bangazar juna da gangan (haka al'adar take, kuma in ka faɗi su ne za su ɗaga ka su kakkaɓe ka). Na kaɗa kai sama da ƙasa kamar ba nawa ba. Na rera kowace kalma, har waɗanda tun Zariya na haddace su ba daidai ba. Wani ƙaton Bature ya sakar mini gwiwar hannu a ido, ya rungume ni yana ba ni haƙuri, muka ci gaba tare. Da aka zo wurin da jitar nan ke kuka, ni ma na yi kukana, ban ɓoye ba.

Da safe na tashi alwala na ji wuyana ya ƙi. Ba dama, ba hagu, ba sama, ba ƙasa. Na buɗe baki in yi salati, abin da ya fito ko ni ban ji shi ba. Madubi ya nuna mini ido ɗaya ya kumbura ya yi baƙi, hannuwana duk tabo ja-ja da shuɗi-shuɗi. Na zauna bakin gado na ce wa kaina, ko a kan gadon asibiti ne yau sai an ba Sadik matar nan. Na sha lemon tsami da zuma, na sa babbar riga, na ɗora hula da ƙyar, na sayi baƙin gilashi a wani shago na toshe idon.

Sadik ya zo ɗaukata tare da Malam Sani, aminin mahaifinsa, da ƙwaryar goro da alewa a bayan mota.

"Baffa, you alright? Me ya samu muryarka?"

"Sanyi," na ce da raɗa. "Tuƙa mu je."

A ƙofar gidan muka bar Sadik cikin mota, tunda ango ba ya shiga wajen nema. Muka yi sallama aka kai mu falo. Dakta Inuwa na zaune da ƙannensa biyu, duk dattawa. Malam Sani ya rusuna ya sunkuyar da kai yadda ya kamata. Ni kuwa na durƙusa da gwiwa, amma kai na nan sama a miƙe, ga baƙin gilashi a cikin ɗaki, sai ka ce ni aka zo gaisarwa. Duk wanda ya yi mini magana sai in juya jikina gaba ɗaya in fuskance shi. Na ga ƙannen suna kallon juna.

Aka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da hanya, Malam Sani na amsawa ni ina motsa leɓe. Aka buɗe taro da addu'a, ido ya dawo kaina. Na gyara murya na ce, "Alhaji, mun zo ne..." Abin da ya fito ya fi kama da kukan ƙofar da ba ta sha mai ba.

Dakta ya matso. "Alhaji, lafiya kuwa? Wuyan nan tun yaushe?"

A nan ne na yi wautar da ta fi ta jiya. Maimakon in ce na kwanta ba daidai ba, sai na ga ai rashin lafiya zai jawo mini tausayi, ya kuma wanke ni daga zargin girman kai.

"Da shi na tashi yau, Dakta. Jiya lafiya lau nake."

"Kai na ciwo?"

"Sosai." (Wannan kam gaskiya ce.)

"Gilashin fa? Haske ne ke damun ka?"

"Ƙwarai kuwa," na ce, har ina jin daɗi ya samo mini dalili da kansa.

Ya taɓa goshina, ga ni cikin shadda uku ina zufar tsoro. Ya ce in kai haɓata ƙirji, na kasa. Ya ɗaga hannun rigata ya ga tabon nan. Fuskarsa ta canza, ya miƙe tsaye.

"Innalillahi. Sanƙarau ne. Na ga irinsa ba adadi a gida, ba a wasa da shi ko na awa ɗaya."

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da kalmar nan ke yi wa ɗaki. Ƙanen da ke kusa da ni ya koma ƙarshen kujera ya toshe hanci da babbar riga. Ɗayan ya tashi yana buɗe tagogi. Malam Sani, wanda muka zo mota ɗaya da shi, ya fara salati yana taɓa nasa wuyan. Dakta ya leƙa ƙofar ciki ya ce kada mata da yara su fito, ya ɗauko waya.

"Ambulance zan kira. Sashen gaggawa na asibiti zai tafi yanzu-yanzu. Maganar aure kuma a ajiye ta, in na dawo daga Kano a ga abin da Allah zai yi."

Ta tagar da aka buɗe na hango Sadik cikin mota, ya sa sabuwar hular da bai iya karyawa ba, yana kallon ƙofar gidan. Yaron nan ni ya dogara da ni, ga shi zan ɓarar masa da aure saboda ina kare mutuncin gemuna.

"Dakta, ajiye wayar," na ce da iya abin da ya rage a maƙogwarona. "Ba sanƙarau ba ne. Wajen kiɗa na je jiya. Kiɗan Turawa, na masu dogon gashi. Kai na yi ta kaɗawa, muka yi ta bangazar juna."

Sai mai toshe hanci ya ce daga cikin riga, "Yaya, ka ji ko? Har ya fara sambatu. Yi sauri ka kira su."

Wato na faɗi gaskiyar da na ɓoye shekara da shekaru, an ce zazzaɓi ne ya hau mini kai. Ba yadda zan yi. Na laluba aljihu na ciro waya, na nemo bidiyon da na ɗauka jiya, na miƙa wa Dakta. Na manta na ƙure sautin tun safe don kunnuwana na ƙara.

Faifan ƙuruciyata ya fashe a falon surukai, kusa da ƙwaryar goro. Dattawa uku da Malam Sani suka haɗa kai a kan wayar. Ga ni nan ba hula, cikin baƙar riga da ta gaza rufe tumbi, ina jijjiga kai, wani Bature mai zane har wuya ya rataya hannu a kafaɗata. Ana jin muryata sarai, wadda na zo nan babu ita, tana ihu da Hausa, "Wayyo Allah, ku ƙara! Ku ƙara!" Daga ƙofar ciki na ji dariyar mata, ashe duk suna laɓe. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban ko tsaya ɗaukar takalmi ba.

Dakta ya kalli bidiyon har ƙarshe, bai rage mini ko daƙiƙa ba. Ya ajiye wayarsa, ya miƙo mini tawa da yatsa biyu.

Na ce tunda abin kunya ya riga ya ƙare, saura abin da ya kawo ni. Na cire gilashin, kowa ya ga idon. Na gyara durƙuso, kai a sama dole, na yi magana da raɗa har sai da suka matso don su ji.

"Alhaji, ni na je, ba yaron ba. Bai ma san na je ba. Ubansa ya rasu ya bar mini shi, kuma wallahi ya fi ni hankali, kun dai gani da idonku. Mun zo nema wa ɗanmu Sadik auren 'yarku Amira. In da laifi nawa ne, a yi mini faɗa, amma kada a mayar da shi Manchester hannu rabbana."

Jawabin da na kwana uku ina shiryawa ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Dakta ya kalle ni. Gefen bakinsa na rawa, yana danne dariya.

"Yaro mun bincika shi ciki da waje, ba mu sami abin faɗa ba," ya ce. "Baffansa ne ba mu bincika ba." Ya juya ga ƙannensa, suka ɗaga kai. "Mun ba ku. Allah ya sa albarka. Kai kuma ka gasa wuyan nan da ruwan ɗumi, ka sha paracetamol, ka tuna shekarunka."

Aka shafa fatiha, aka raba goro. Da na fito na juya jikina gaba ɗaya na ɗaga wa Sadik babban yatsa, ya kifa kai a sitiyari ya daɗe bai ɗago ba.

An ɗaura aure, yanzu har sun yi ɗiya. A dangin Amira kuwa ba wanda ya san sunana na yanka, daga Sparkbrook har Kano Baffa Sanƙarau ake ce mini, kuma ina amsawa. Faifan ban daina ji ba, in tsofaffin nan suka sake zuwa ina nan zuwa, sai dai tikitin kujera zan saya. Abin da na koya shi ne, in har za ka yi wa likita ƙarya, to ka fara bincika wane ciwo ƙaryar taka ta yi kama da shi.