Ranar da Na Ceci Layinmu da Soso

Laifin wani fim ɗin yaƙi ne. A cikinsa sojoji kan yi wa ƙofa alama, washegari su kwashe mutanen gidan. Na dawo daga ofis na tarar da rubutun alli a kowane get na layinmu a Unguwar Rimi. Ni za a yi wa wayo? Ko matata ban gaya wa ba, wa ya san da wa aka haɗa baki? Na ɗauki soso na goge layin tas.

Washegari masu allin suka dawo, ashe matan rigakafin shan-inna ne. Suka sake bin gida-gida suna Allah ya isa.

Har yau in suka shigo, maƙwabcina kan ɗaga murya: "Hajiya, ɓoye allinki, Kwamanda na gida!"