Kitson wayoyin tirela

Tun da Ummi ta fara rarrafe hankalina bai ƙara kwanciya ba, komai ta samu sai baki. Ga tirelar da babanta ke ɗaura wa mota yana kwaso shinkafa daga fadama, a ƙofar gida yake ajiye ta, wayoyin fitila na reto a ƙarƙashinta, robarsu duk ta cinye.

Ni ban jira kowa ba. Na durƙusa na kitse su tsaf, na ɗaure da zare, na cusa su can ciki. Har daɗi na ji.

Washegari baban Ummi ya ɗaura tirela, ga ruwan kogi na neman cinye hanyar gona. Ya taka birki, sigina ta kama. Ya kunna sigina, fis ya ƙone. Ya canja ƙwan fitila, ya kankare tsatsa, ya zagi mai sayar da fis. Ina tsaye da goyo, har shawara nake ba shi.

Sai la'asar rewaya mai gyaran wutar mota ya zo, ya leƙa ƙasa ya daɗe.

"Alhaji, wa ya yi wa tirelarka kitso?"

Na ce wuta nake tsoro ta ja yarinya.

"Wace wuta, Maman Ummi?" in ji babanta. "Ba a haɗe take da mota ba."

To wa ya taɓa gaya mini? Ko mutum ɗaya bai yaba kyan hannun ba. Yanzu ƙannensa na aiko tambaya, wai nawa nake yi wa tarakta shuku.

Don Allah, in kun gan ni a gidan biki, ku gaishe ni kawai.