Noman Bana Sai Haƙuri

Da likita a Birnin Kudu ya ce cutar nan mai karya garkuwar jiki ta gajiyar da sojojin jinina, har suna taka wa kansu birki, sai dabara ta faɗo min, don damina ta kama.

Ina isa gida Farin Dutse na baje a tabarma, na marairaice wa matata: "Hadiza, likita ya ce sojojina sun gaji. Noman bana sai haƙuri."

Ta ajiye taɓarya. "Malam, ba layi ɗaya muke bi karɓar magani ba? Ni ma haka ya ce min, ga ni ina daka."

Har yau da hadari ya haɗo sai ta leƙo: "Kwamanda, an tashi ko ana hutu?"