Yadda Za Ka Yi Kuɗi Da Gwanjon Waya, Daga Bakin Wanda Ya Sayar Da Tukunyar Unguwa

Kai ɗan'uwa, ajiye neman aikin ofis ɗin nan ka saurare ni. Ni ne Taufiq Alassani, wanda 'yan Zongon Lomé ke kira Patron, wato maigida, ko da yake yawancinsu da dariya suke faɗa. Wata takwas na yi ina gwanjon tsofaffin kaya a WhatsApp, kuma na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bakwai, kafin Juma'a biyu za ka riƙe kuɗin da ba ka taɓa riƙewa ba. Riƙewa na ce fa. Ban yi maganar daɗewa ba.

Mataki na 1: Fara da gidanku

Masu jari suna zuwa tashar jirgin ruwa su sayi dilar kayan Turai. Kai ba ka da jari, da kana da shi da ba ka zauna karanta wannan ba. To, buɗe ido a gida. Tsohuwar rediyo, dutsen guga na gawayi, fankar da ke juyawa sai an tura ta da yatsa. Duk abin da ya yi sati uku ba wanda ya taɓa shi, ya gaji da gidan ne, taimakonsa za ka yi.

Ni a ɗakin ajiyar Mma, mahaifiyata, na samu nawa rabon: tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, baƙa wuluk, kunne ɗaya a karye, girmanta sai ka zauna ciki a rufe ka.

Mataki na 2: Kada ka tambayi kowa

Tambaya ce ke kashe kasuwa. Da na tambaya, da an gaya mini sunan tukunyar nan Giwa, kuma ba ta Mma ba ce. Ta matan unguwa ce baki ɗaya. Duk suna, duk biki, duk sadakar mamaci, a cikinta ake dafa shinkafa da wake, kuma ƙa'idarta ita ce ta zauna a gidan da aka yi hidimar ƙarshe har gida na gaba ya aiko a ɗauka. Sunan ɗan yayata Munira ne ya kawo ta gidanmu. Ranar Asabar kuma Hajiya Mariyatu, shugabar matan, za ta aurar da autarta, an gayyaci mutane har daga Accra da Kotonu.

Yo ni ina zan sani? Shekara ashirin da bakwai ina cin abincin biki a faranti, ban taɓa leƙa wurin murhu ba. Na ɗauka daga kuloli yake fitowa.

Mataki na 3: Tace gurufinka

Buɗe guruf a WhatsApp ka zuba kowa a ciki: dillalan kasuwar Adawlato, masu canjin kuɗi na unguwar Kodjoviakopé, direbobin manyan motoci, masu otal. Amma ka cire dangi. Gwaggo, inna, kawu, matar kawu, duk waje. Dangi ba sa saye, sai dai su gane kaya.

Mataki na 4: Shafa mai, shafa tarihi

Goge kayan da man gyaɗa, ka ɗauki hoto da hantsi. Bayanin kuma ka rubuta shi da Faransanci, domin abin da ake kira tarkace da Hausa, da Faransanci kayan tarihi ne, kuɗinsa ninki uku.

Ni na rubuta cewa kakan kakana ne ya ɗauko tukunyar daga Kano a kan jaki, ya ƙetare koguna uku, kunnenta kuma a faɗa da 'yan fashi ya karye. Daga baya na ji gaskiyar: a nan Lomé aka saye ta, mata goma sha biyu suka yi adashi tun Mma na budurwa, kunnen kuwa Gwaggo Ruƙayyat ce ta karya shi da taɓarya tana jifan bunsuru. Ka ga ai nawa labarin ya fi daɗi.

Mataki na 5: Yi takara da kanka

Nan ne asirin sana'ar. Sayi layi na biyu, ka sa masa hoton fure, ka raɗa masa suna. Nawa Madam Safina.

Na buɗe gwanjo da jaka goma na sefa, wato dubu goma. Shiru, kamar an ɗauke wuta. Can sai wani Misye Komlan, mai ƙaramin otal a bakin teku wajen Kodjoviakopé, ya taya sha biyar. Madam Safina ta ce ashirin da biyar. Ya ce talatin. Ta ce arba'in, ta haɗa masa da hoton dariya. Wallahi mutumin nan sai ya bi ta ta gefe da saƙo, wai ta yi haƙuri ta bar masa, in ta bari zai ba ta ɗaki kyauta na kwana biyu mai kallon teku. Na kusa karɓa.

A jaka tamanin Madam Safina ta janye cikin mutunci. Na buga cokali a jikin kwalba sau uku, na tura a saƙon murya, shi ne ƙararrawata. Ranar Laraba, Mma tana wurin karatun mata, mai keke ya zo da ƙarti biyu suka ɗora Giwa suka tafi. Na sayi sabon agogo, na ci kifi gasasshe ni kaɗai.

Mataki na 6: In aka zo nema, ka fi kowa mamaki

Ranar Alhamis da safe Hajiya Mariyatu ta shigo da mata uku da gammo. Aka buɗe ɗakin ajiya, ba komai sai sawun ƙafa uku a ƙasa. Na yi salati da ƙarfi. Na leƙa ƙarƙashin gado, na leƙa rijiya, na ce ɓarayin zamanin nan ba su da tsoron Allah, ya kamata unguwa ta ɗauki mai gadi.

Hajiya ta bar ni na gama. Sannan ta ciro wayarta daga jaka. Ashe wani mai canji ne ya nuna wa matarsa hoton don ta ga abin dariya, ita kuwa tana ganin karyayyen kunnen ta dafe ƙirji.

"Taufiq," in ji Hajiya, "ƙafar wa ce wannan a gefen hoton?"

Kowa ya kalli hoton, sannan ya kalli ƙasa. Silifas ɗin ne a ƙafata, ɗaya da ƙusa a madaurin. Ƙarin darasi kyauta: ka ja baya kafin ka ɗauki hoto.

Mataki na 7: Koyi mayar da kuɗi da fara'a

Agogo ya koma inda ya fito, kuɗin kifi kuma Munira ta cika tana zagina. Muka hau babur biyu, ni a gaba, Hajiya a baya tana gaya wa mai babur ɗinta tarihina tun daga yaye.

Misye Komlan mutumin kirki ne, har ruwan sanyi ya ba mu. Ya ji bayani, ya ce ai abin hidimar jama'a ba a riƙe shi, ya kai mu ƙofar otal. Ga Giwa nan an shafe ta da farin fenti, an cika ta da ƙasa, furanni ja suna ta rawa a kanta. Na ce alhamdu lillahi, fenti ne kawai. Aka juye ƙasar, sai na hango hasken rana ta ƙasan tukunyar. Huda biyar ya sa aka yi mata don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Da za mu tafi ya ce in na haɗu da Madam Safina in gaishe ta.

Hamidou mai walda ya ƙwanƙwasa ta, ya girgiza kai, ya ce irin wannan tsohon ƙarfe ba ya riƙe walda, wuta na taɓa shi zai buɗe.

Aka yi biki ranar Asabar da ƙananan tukwane goma sha ɗaya, murhu goma sha ɗaya, ni ne mai faskare, ni ne mai hura wuta. Wata ta ƙone, wata ba ta nuna ba, baƙin Accra suka samu mai tsakuwa. Duk wanda ya tauna ya ji ƙaras, sai a nuna masa ni da ludayi. Idona ya yi ja da hayaƙi, na ce shi ke nan, na biya.

Ashe ban biya ba. Tun ranar Alhamis Mma ko zagi ɗaya ba ta yi mini ba. Washegarin biki na same ta a tsakar gida, ta kifa Giwa tana kankare farin fentin da wuƙa, a hankali, kamar mai cire wa jariri ƙaya. Na tsuguna na ce ta bari in yi. Ba ta ba ni wuƙar ba.

"Auta," ta ce, "a cikinta aka dafa na aurena, a cikinta aka dafa na sunanka. Na ɗauka a cikinta za a dafa na sadakata ranar da na tafi. Sai ka fara tunanin inda za ka aro."

Ta ci gaba da kankara. Gara duka da itacen faskare, wallahi.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya wanke hannunsa tas daga duk abin da zai same ka. In aka cire ka daga gurufin dangi, in mata suka daina amsa gaisuwarka, in aka riƙa ba ka ƙanzo a gidan biki, kai ka jiyo, ban san ka ba, Madam Safina ma ba ta san ka ba. Amma in ka san maƙerin da ke toshe hudar tukunyar ƙarfe ta riƙe wuta, ko a wace ƙasa yake, don Allah ka neme ni a Zongo. Ba zan taya ba. Duk abin da ya faɗa, na saya.