Farin Ruwan Inabin da Na Kawo Baure

Wata uku na yi ina aikin otal a Abuja, na dawo Baure da kwalbar farin ruwan inabi marar barasa, kaina ya kumbura. Washegari na hana kowa taɓa tuwo.

"Baba, da kifi ake shan wannan. Ku kalli yadda ake yi."

Na tsiyaya, na juya kofi, na shinshina, na kurɓa. Harshena ya ɗau zafi, na daure.

"Akwai ƙamshin tuffa," na ce, ina hawaye.

Inna ta leƙo. "Wa ya ɗauke min ruwan kanwa?"

Ashe ƙannena sun shanye tun jiya, Inna ta cika kwalbar da ruwan kanwarta.

Har yau in za a kaɗa miyar kuka, sai an aiko a tambayi gwani ko tuffar ta isa.